Hanyar Gadarif: masu yawon babur, mahajjatan ƙasa da tambayar wane ne baƙo

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025, sannan suka karɓe Khartum a watan Maris, babbar hanyar da ta taso daga babban birnin ta ratsa Gadarif da Kasala ta gangara Port Sudan ta sake haɗewa daga farko har ƙarshe. Kusan kilomita 1,200 ke nan na kwalta. Motocin safa sun koma jigilar masu komawa gida, manyan motoci kuma suna ɗibar dawa da riɗi zuwa gaɓar teku. Sai dai akwai wasu matafiya da har yanzu ba su dawo yadda aka saba ganinsu ba, wato masu doguwar tafiya a kan babur, waɗanda ke ɗaure tanti da tukunya a bayan sirdi su taso daga Alƙahira su nufi Cape Town, suna kwana inda dare ya yi musu.

A ƙasar da yaƙi ya raba mutum fiye da miliyan 11 da gidajensu, maganar yawon buɗe ido tana iya zama kamar rashin ta-ido. Amma ni ina ganin mai babur ma'auni ne mai kyau na lafiyar hanya. Ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, ba shi da rakiya, tankinsa ba ya kai shi nesa sai ya nemi mai. Dole ya tsaya ya sha shayi, ya tambayi hanya, ya roƙi wurin da zai kafa tanti. Duk abin da yake buƙata daga hanya, shi ne ɗan ƙwadagon gona yake buƙata, shi ne ɗan tireda da almajiri suke buƙata. Bambancinsu kawai shi ne, shi yana da fasfo da kuɗin komawa gida.

Filin baƙar laka

Wanda ya taso daga Wad Madani ya nufi gabas, bayan ya bar duwatsun Fau sai ya shiga wani fili shimfiɗaɗɗe wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. A cikin wannan fili ne Gedambaliya take, yamma da garin Gadarif. Sunan ba ya cikin littattafan masu yawon buɗe ido, amma a tarihin noman Sudan babban suna ne, domin a nan ne Turawan Ingila suka fara noman damina da tarakta a tsakiyar shekarun 1940, don ciyar da sojojinsu da ke gabashin Afirka. Daga baya gwamnati ta riƙa yanka wa ƴan kasuwa manyan gonaki na fadan dubu ko dubu da ɗari biyar (fadan ɗaya bai kai rabin hekta ba), kuma a 1968 aka kafa hukumar noman injina da rancen Bankin Duniya. Abin da aka fara a Gedambaliya shi ne ya bazu har ya mai da jihar Gadarif rumbun dawa da riɗin ƙasar, shi ne kuma ya cinye mafi yawan dajin da ke wurin da burtalin makiyaya.

Ƙasar wurin baƙar laka ce irin wadda mutanen Borno ke kira firgi. Da rani takan tsage har mutum ya zura hannu a tsagar, da damina kuma ta kumbura ta zama danƙo. A nan ne lissafin baƙo ke fara rikicewa. Watannin da Turawa ke samun dogon hutu, Yuni zuwa Satumba, waɗanda Faransawa ke kira été mu kuma muke fassarawa da bazara, a Gadarif damina ce tsundum, wadda ƴan Sudan ke kira kharif. Lokacin ne ƙasar ta fi kyau: gizagizai su taso daga tsaunukan Habasha, fili ya yi kore shar, bukkokin ciyawa masu tsini da aka san Gadarif da su su yi duhu saboda ruwa, raƙuman Shukriyya su haura arewa zuwa makiyayar Butana. Lokacin ne kuma ba a sauka daga kwalta. Taku kaɗan babur zai yi laka ta cushe tsakanin taya da murfinta har tayar ta daina juyawa, kuma babur mai kaya ba ya ɗaguwa ga mutum ɗaya a cikin taɓo. Ƙauyuka da dama sukan yanke daga gari na makonni, sai tarakta ce ke shiga.

Wanda ya ce to bari ya riga damina ya zo a watan Afrilu ko Mayu, wata matsalar ce ke jiransa. Zafin kan haura digiri 40, kuma lokacin ne wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo da dare yake yawaita a dazukan aduwa da ƙaya da ke kan wannan laka mai tsagewa. Shi ke yaɗa cutar kala-azar, wadda ke kumbura saifa tana kisa idan ba a yi magani ba, kuma ƙauyukan bakin kogin Atbara da na Rahad suna cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Inuwar aduwa da matafiyi zai ga ta dace da tanti, ita ce gidan ƙudan. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya a wannan yanki shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan girbi, kuma masu bin hanyar Alƙahira zuwa Cape Town da suka san abin da suke yi a nan suke saita tafiyarsu.

Hanya uku daga gari ɗaya

Daga Gadarif hanya ta rabu. Ta kudu maso gabas ta bi ta Doka zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha, kimanin kilomita 155. Ita ce ƙofar da kusan duk mai ratsa gabashin Afirka ta ƙasa yake bi. Baturen nan Ted Simon, wanda ya bar Landan a Oktoban 1973 a kan babur ƙirar Triumph ya yi shekara huɗu yana zagaya duniya, ta Kasala da Gadarif ya shiga Habasha tun hanyar ba ta san kwalta ba. A 2007 ɗan wasan fim Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman sun ratsa Sudan zuwa Habasha a tafiyarsu ta talabijin mai suna Long Way Down, wadda ta sa matasan Turai da yawa suka fara mafarkin wannan tafiya. Kyan hanyar shi ne yadda ƙasa ke sauyawa a gaban ido: fili ya fara tudu da gangare, itatuwa su ƙara tsawo, sannan bayan an tsallaka gadar da ta raba Gallabat da Matamma hanya ta fara hawa zuwa Gondar, inda mutum ke neman rigar sanyi kwana ɗaya bayan ya kusa suma da zafi.

Yau wannan ƙofa ba ta da tabbas, kuma ba yaƙin Sudan ne kaɗai dalili ba. Tun 2023 mayaƙan Fano ke faɗa da gwamnatin Habasha a yankin Amhara, har a watan Satumban 2024 hukumomin Gadarif suka rufe mashigar Gallabat na wasu makonni bayan faɗan ya iso Matamma. Arewa da nan kuma akwai Fashaga, gonakin da ke tsakanin kogunan Atbara da Setit, waɗanda manoman Habasha suka daɗe suna nomawa kafin sojojin Sudan su shiga a ƙarshen 2020 lokacin da Habasha ta shagala da yaƙin Tigray. Daga wancan yaƙin ne dubban ƴan gudun hijira suka cika sansanin Um Rakuba, kusa da Doka. Mai babur da zai bi wannan hanya yau zai wuce ta gefen mutanen da suka gudo daga yaƙe-yaƙe biyu, kowane rukuni daga ɓangaren da ɗayan ya nufa.

Ta kudu akwai gandun dajin Dinder, wanda aka keɓe tun 1935, faɗinsa kusan murabba'in kilomita dubu goma, da fadamunsa da ake kira maya inda ɓauna da gadu da jimina ke taruwa da rani, har da ragowar zakuna. Da damina a rufe yake, ba da doka kaɗai ba, lakar ce ke rufe shi. Raƙuman dawansa sun ƙare tuni, abin da ya kamata ya sa mu ƙara sanin darajar na Kure.

Hanyar arewa ita ce mai daɗin ido. Kimanin kilomita 220 ne zuwa Kasala, a tsallaka kogin Atbara a kusa da Khashm al-Girba, inda aka gina madatsar ruwa a 1964 don Nubiyawan Wadi Halfa da ruwan madatsar Aswan ya cinye garinsu. Tun daga nesa duwatsun Taka da Totil ke bayyana, sulɓaɓɓu kamar an jera tulunan dutse a kife. A gindinsu masallacin Khatmiyya yake da ƙubbar Sayyid Hasan al-Mirgani mai buɗaɗɗen sama, wadda mabiya ke cewa ruwan sama ba ya shiga cikinta. Akwai rijiyar Totil, da ake cewa duk wanda ya sha ruwanta sai ya dawo, akwai masu gahawar jabana da citta a kan duwatsu. Kafin yaƙi nan ne ango da amarya a Sudan ke zuwa hutun aure, wato yawon buɗe idon Kasala na ƴan ƙasa ne tun kafin na Turawa. Kogin Gash da ya raba garin rairayi ne a mafi yawan shekara, amma daga Yuli yakan cika cikin sa'o'i, kuma ya sha cin unguwanni.

Daga Kasala sai doguwar tafiya ta ƙasar Beja zuwa Haya da Sinkat, a ratse zuwa tudun Arkawit mai hazo, inda Turawan mulki ke gudun zafi kuma inda kabarin Usman Digna yake, sannan hanya ta gangara ta cikin tsaunuka tana lanƙwasa har Suwakin, tsohon garin da aka gina da duwatsun murjani, wanda yanzu mafi yawansa kufai ne. A watan Yuli da Agusta gaɓar tekun tanderu ce. A kan wannan hanya ne, a garin Jubait, jirgi maras matuƙi ya kai hari wurin bikin yaye sojoji da Janar Burhan ya halarta a ƙarshen Yulin 2024. A watan Mayun 2025 kuma irin waɗannan jirage suka yi kwanaki suna dukan rumbunan mai da filin jirgin Port Sudan, suka taɓa Kasala ma. Gabashin Sudan bai ga yaƙin ƙasa ba, amma samansa ba a tsare yake ba.

Waɗanda suka riga kowa bin ta

Labarin da ake bayarwa a Turai game da wannan hanya daga arewa zuwa kudu yake tafiya. Namu labarin daga yamma zuwa gabas yake, kuma ya girme shi nesa ba kusa ba. Gallabat kanta mutanen yamma ne, waɗanda ake kira Takarir, suka raya ta tun ƙarni na 18, a hanyarsu ta zuwa Makka ko dawowa, kafin ta zama fagen da Sarkin Habasha Yohannes na huɗu ya rasa ransa a hannun mayaƙan Mahdi a watan Maris 1889. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Bayansu dubban talakawa daga Kano da Katsina da Damagaram da Gobir suka biyo, a ƙasa, a kan jaki, daga baya a bayan manyan motoci. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mutum kan tsaya ya yi ƙwadago ya tara guzurin zango na gaba. Audugar Jazira da dawar Gadarif sun sha gumin waɗannan mahajjata, kuma da yawansu ba su ƙarasa Suwakin ba, wasu sun je sun dawo sun zauna. Masanin nan Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 kan jikokinsu da aka haifa a Sudan amma har lokacin suke ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Hajji.

Shi ya sa Bahaushen da ya sauka a tashar Gadarif ko Kasala ba ya jin ya yi nisa da gida. Naman da ake gasawa a bakin titi da ƙuli da yaji sunansa agashe a duk faɗin Sudan, kuma ba sai an faɗa wa mai karatu daga wane harshe kalmar ta fito ba. Akwai godogodo na gero da nono da matan Hausawa ke sayarwa. Akwai unguwanni da ƙauyuka a bakin Rahad da Atbara da ake sallama da Hausa. Al'adar da ta sa Turawa masu babur ke yabon Sudan fiye da kowace ƙasa a hanyarsu, randunan ruwa na sadaka a bakin hanya, gadon igiya da ake fito wa baƙo da shi, ɗakin baƙi da ke jikin masallaci, mai shayin da ke ƙin karɓar kuɗi, al'ada ce da ta ginu a kan hanyar da mahajjata da fatake suka yi ƙarnuka suna bi. Baturen ya zo ne ya tarar da shimfiɗar da aka yi wa wasu.

Amma zaman shekara ɗari bai kashe tambayar asali ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaura sharaɗin a kan zaman kakanni a ƙasar tun kafin 1898, abin da ya bar iyalai da yawa na mutanen yamma a tsakiya. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe mutum fiye da ɗari, a watan Oktoba kuma aka sake kashe wasu kusan ɗari biyu a Wad al-Mahi. Zanga-zangar da ta biyo bayan kisan farko a kan wannan hanya ta bazu, Gadarif da Kasala da Port Sudan, har aka ƙona ofisoshin gwamnati a Kasala. Wata tara kafin babban yaƙin ke nan.

Yadda babur ya zama abin zargi

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 bai shiga garin Gadarif ba. Daga Disamban 2023, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani, fagen daga ya tsaya a yammacin Fau fiye da shekara guda. Abin da ya shigo Gadarif shi ne mutane. Na farko daga Khartum, sai na Jazira, sai waɗanda suka gudo daga Sinja da Dinder a ƙarshen Yuni da farkon Yulin 2024, a tsakiyar damina, a ƙasa cikin wannan laka da muka ce babur ba ya iya ratsawa. Mai Wurno, da ke tsakanin Sinnar da Sinja, ta tsinci kanta a bakin daga. A watan Oktoba wasu dubbai suka biyo daga gabashin Jazira, bayan kwamandan RSF a yankin, Abu Aƙla Kaikal, ya koma ɓangaren soja, dakarun suka huce a kan ƙauyuka. Makarantu suka zama masauki, kwalara ta ɓarke a watan Agusta ta fi tsanani a Kasala da Gadarif. Tanti ya cika jihar, amma ba irin na masu hutu ba.

Waɗanda suka gudo sun zo da labari iri ɗaya: mutum biyu ko uku a kan babur, da bindiga, su shigo ƙauye su kwashe mota da waya da zinariyar mata. Har suna aka yi wa wannan wawaso, shafshafa. Tun kafin yaƙi ma mutanen Khartum na kuka da masu ƙwacen waya a kan babur da ake kira tis'a tawila. Saboda haka ƙarar babur da dare, wadda da take nufin wani ya dawo daga kasuwa, yanzu tana tayar da mutane daga barci.

Mu a nan ba baƙin wannan ba ne. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Diffa ta hana hawa babur a Fabrairun 2015 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, Tillaberi ta bi sahu a Janairun 2020, Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgarsa da sayar da mai a jarka a 2021. Waɗanda suka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a dajin raƙuman dawa na Kure ranar 9 ga Agustan 2020 a kan babura suka zo. Tseren Paris-Dakar, wanda ya sa duniya ta san Agadas da Tenere, kuma wanda asalinsa ɓatan da Thierry Sabine ya yi a hamada a kan babur a 1977, an soke shi a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, bai sake dawowa Afirka ba. Mun kuma ga wanda dokar hana babur ke fara kayarwa: malamin ƙauye da ke zuwa aji daga gari, mai kai mace asibiti, mai kai barkono kasuwa. Ɗan bindiga ba ya neman izinin gwamna kafin ya tayar da injinsa.

A Sudan abin ya wuce babur ya kai ga fuskar wanda ke kansa. A yankunan da soja ke riƙe da su an samu abin da jama'a ke kira dokar baƙin fuskoki, wato a tsare mutum a shingen bincike saboda kamanninsa ko lafazinsa ko garin da aka rubuta a katinsa, a tuhume shi da yi wa RSF leƙen asiri. Mutanen Darfur da Kordofan ne suka fi shan wannan. A Janairun 2025, lokacin da soja ke komawa Jazira, an kai hari kan matsugunan ƴan ƙwadagon gona da ake kira kanabi, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba, ta ɗora alhakin a kan mayaƙan Kaikal. Mazauna kanabi jikokin waɗanda suka zo noma ne daga yammacin Sudan da ƙasashen da ke bayansa.

A nan ne nake ganin lissafin ya juye. Ranar da aka sake ba da biza, Bature mai babban babur zai sha tambayoyi a kowane shinge, za a hana shi ɗaukar hoton gada kamar yadda ake hanawa tun da, wataƙila a karɓe ƙaramin jirgin ɗaukar hotonsa, amma ba wanda zai ɗauke shi ɗan RSF. Saurayi daga Maraɗi ko Zariya da ya hau ƙaramin babur ɗinsa ya ce zai bi sawun kakanninsa zuwa Suwakin, shi ne zai shiga uku, domin an sha ruwaito cewa RSF na ɗibar mayaƙa daga Cadi da Nijar da sauran ƙasashen Sahel, kuma sojan da ke shinge ya ji wannan labari. Jikan mutanen da suka share hanyar ya fi baƙon da ya zo daga wata nahiya zama abin tsoro a kanta.

Abin da gonakin ke jira

Wannan ba maganar mutunci ba ce kawai, maganar abinci ce. Noman da aka fara a Gedambaliya sunansa na injina, amma a mafi yawan gonaki tarakta huɗa da shuka kawai take yi. Cire ciyawa da yankan dawa da hannu ake yi, riɗi kuma idan ya nuna ƴan kwanaki yake bayarwa kafin kwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa. Kowace kaka sai an samu dubban hannaye cikin gaggawa, kuma tun fil azal daga nesa suke zuwa: Habasha, Sudan ta Kudu, Darfur, Kordofan, da ƙauyukan Hausawa da Fulani da Barebari. Rufe Gallabat na mako uku a watan Oktoba, ko tsoron shinge da zai hana ɗan Nyala fitowa, asara ce da ake aunawa da buhu. Ga tsadar man dizal, ga fam ɗin Sudan da kafin yaƙi dala ɗaya ba ta kai 600 ba amma a 2025 ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage, ga ƙarancin takardun kuɗi tun canjin da aka yi a Disamban 2024, wanda ya sa har mai shayi ke karɓar kuɗi ta manhajar Bankak. Matafiyin da ba shi da asusu a bankin Sudan zai gane haka tun a gidan mai na farko. Ɗan ƙwadagon da ba shi da lambar ɗan ƙasa, wanda saboda haka ba zai iya buɗe asusu ba, ya riga shi ganewa.

Hukumomin gabas sun san ƙarfin wannan kwalta. A watan Satumban 2021 majalisar sarakunan Beja ƙarƙashin Nazir Tirik ta toshe ta tare da tashar jiragen ruwa na makonni, burodi ya yi wuya a Khartum, kuma toshewar na cikin abubuwan da suka share fagen juyin mulkin 25 ga Oktoba. Hanyar da mutum ɗari za su iya rufewa da duwatsu su girgiza gwamnati, ba za a sassauta tsaronta da wuri ba. Ban ga laifin bincike a lokacin yaƙi ba. Abin dubawa shi ne me ake bincika, kaya da takarda ko kuwa launin fata.

Idan aka samu tsagaita wuta, ina tsammanin layin arewa zuwa kudu ne zai fara buɗewa. Mashigun Masar a Argin da Ashkit suna aiki, kwalta ta haɗa Wadi Halfa da Dongola da Atbara, dalar Marawi da ke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2011 tana nan, ko da yake an wawashe gidan tarihin ƙasa da ke Khartum, kuma sai an yi hattara da harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a duk inda aka yi faɗa, abin da ya sa kafa tanti a kangon da ba a sani ba ya zama ganganci. Sauran ya rage ga Amhara.

Layinmu na yamma zuwa gabas kuwa a yanke yake. Tsohuwar hanyar ta bi ta Maiduguri ko Gigimi zuwa Njamena, Abeshe, Adre, Junaina, Zalinje, ta gindin Jabal Marra mai tsawon fiye da mita 3,000 da tafkunan da ke bakin dutsensa, sannan Nyala ko Fashir, Ubayyid, Kosti, Sinnar, Gadarif. A Junaina aka yi wa Masalit kisan gilla a 2023, har da gwamnan jihar Khamis Abakar. A Nyala RSF ta kafa gwamnatinta ta daban. Fashir ta faɗa hannunta ranar 26 ga Oktoban 2025 bayan ƙawanyar wata goma sha takwas, faɗan kuma ya koma Kordofan, a kan hanyoyin da ke shiga Ubayyid. Iyalan da ke da rabi a Kano ko Damagaram, rabi a Gadarif ko Mai Wurno, yanzu sai ta jirgin sama zuwa Port Sudan ga mai hali, ko ta WhatsApp idan akwai layi. Daga Adre zuwa Junaina tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a kan babur idan rani ne. Tun watan Agustan 2024 motocin agaji ke bi ta wannan mashiga, da izinin da gwamnatin soja ke sabuntawa bayan ƴan watanni, alhali ba sojanta ne ke tsaye a bakin iyakar ba.